Bangon Gabas

Inuwa magini ne. Gidansu na Bama da hannunsa ya gina shi, kuma yana laɓe a bayan gari ya ga hayaƙinsa ranar da yaran daji suka shigo da bindigogi. Matarsa Ya Kellu ba ta gani ba, ta riga shi fita da kwana biyu. Shekara bakwai suna haya a unguwar Ajilari yana ce mata gida na nan, kwanon rufi kawai aka kwashe.

Sai idonta ya fara tafiya. Na hagu ya mutu, na dama likita ya ce saura ƙiris. Abu ɗaya ta roƙa, ta sake ganin tsakar gidanta. Hanya ba ta biyuwa, hoto kuma ko ɗaya ba su fito da shi ba.

'Yarsu Kaltum ta karanta kwamfuta a jami'a. Ta ce za ta gina gidan a cikin na'urarta, har a zagaya shi. Inuwa ya ba ta awo daga kansa, bango bayan bango, bai tsallake ko kewaye ba. Wata biyu tana yi, don tunda aka fasa turakun lantarki garin ba wuta, batirinta kuma rabin awa yake yi.

Ranar da ta sa hasken rana a cikin ginin, ɗoki bai bar ta ta duba ba. Ta kai wa uwar. Ya Kellu ta manna ido a gilashin na'urar. Dogon bangon gabas ya tashi jajir yana walƙiya, ƙananan ɗakuna baƙi ƙirin kamar gawayi.

"Ashe ƙona shi suka yi," in ji ta. Ta juyo wajen mijin. Inuwa ya kau da kai ya fita.

A waje ya tare Kaltum. "Ke, me kika nuna mata?"

"Kuskure ne, Baba. Kowane bango akwai kibiya a jikinsa, tana nuna inda ya fuskanta. Da ita na'ura ke auna hasken da zai sha. Babban bango kibiyarsa ta fito doguwa, sai hasken ya ninku. Ƙanana kuma tasu gajera, suka yi duhu. Kamata ya yi in mayar da su duka tsawo ɗaya, ya zama fuska kawai suke nunawa."

"Wato kin yi gini kowane bango da ma'auninsa. Da lebura ne ya yi mini haka, ran nan zai bar aiki."

"Layi ɗaya na manta a rubutun na'urar, Baba."

"Layi ɗaya!"

Batir ya mutu. Ta kai caji shagon wani Simon a unguwar Gamboru, janaretansa ba mai, sai da aka kwana huɗu. Gyaran kansa bai ci minti biyu ba. Gida ya fito sak, hasken hantsi a bangon gabas, inuwar dalbejiya a bakin rijiya.

Inuwa da kansa ya ɗauka ya kai mata. "Duba mana, Kellu. An gyara."

Ta juya fuskarta ga bangon ɗaki. "Wanda ya ƙone ne na gaskiya ko wannan?"

Ya ƙara matso mata da na'urar.

"To ɗauke."

Ya sake kai mata washegari, da jibi. Ba ta duba ba. Kafin azumi idon dama ya rufe.