Ƙyallen Tallan Kang Wasjud

"Pak Haji, kai za ka sauke shi, ko ni in ɗauko tsani in hau da tsufana?"

Haji Tohirin bai ɗago ba. Yana auna wa wani manomi takin zamani, idonsa a kan sikeli, kamar ba da shi nake ba. Sai da ya ƙulle bakin leda sannan ya ce, "Yu Casmini, da sassafe haka? Ko gaisuwa babu?" A garinmu Pak da Kang laƙabin girmama maza ne, Yu da Bu kuma na mata.

"Na gaishe ka. Sauke shi."

Abin da nake nufi yana rataye a saman kanmu, daga wannan ƙarshen rufin shagon zuwa wancan. Ƙyallen talla ne na leda mai kauri, da hoton maƙwabcina Kang Wasjud a jiki. Fuskarsa ta kai girman ƙofa, ya ɗaga babban yatsa, yana wani murmushi da ban taɓa ganinsa da shi ba a shekara talatin da muka yi gida kusa da gida. A ƙasa an rubuta da ja: "Shekara shida ina fama da ciwon suga. Kwalba uku na Saiwa Tara, na warke sarai. Wasjud, manomin albasa."

Na ce, "Mutumin yana can kwance ƙafarsa na ruɓewa, kai kuma ka rataye shi nan yana wa jama'a dariya."

"Wallahi ni ma abin ya dame ni. Shekaranjiya na aika a tambaye shi, cewa ya yi kada wanda ya taɓa. To yaya zan yi? Fuskarsa ce, ba tawa ba." Ya juya wurin wata mata da ke tsaye bayana. "Kwalba nawa, Yu?"

Na fito na bar su. Shagon yana bakin gada, kuma titin da ya bi ta gabansa shi kaɗai ne ke fita daga garinmu. Mai zuwa kasuwa, mai zuwa gona, mai zuwa asibiti, kowa sai ya wuce ƙarƙashin babban yatsan Kang Wasjud.

Kafin ƙyallen nan, ba wanda ya damu da shi. Ɗan fili ne da shi a bayan gari, fangali goma sha biyu na albasa, sauran kwanakinsa kuma yana ban ruwa a gonakin mutane. Tun asuba yake shiga lambatun da ke tsakanin fangalai, ruwa iya cinya, yana ɗiba da gwangwani yana watsawa, taku ɗaya, watsi ɗaya, har rana ta yi tsaka. Tafin ƙafarsa kullum fari ne, a yamutse. Abu guda aka san shi da shi: ba ya ƙarya. In dillali ya tambaye shi yaya albasarsa, sai ya ce, "Ta gefen can tsutsa ta taɓa." Matarsa Tarsinah ta sha yi masa faɗa a kan haka, bai daina ba.

Wannan halin ne mutanen kamfanin da ke yin Saiwa Tara suka zo nema. Sun zo da farar mota, suka tambayi Haji wa ya fi gaskiya cikin masu shan maganin, Haji ya nuna musu gidan. A lokacin kuwa Kang Wasjud ya sha kwalba uku, kuma gaskiya ya ji ƙarfi. Ciwon gwiwa ya tafi, yana cin shinkafa faranti biyu, kumatunsa suka ciko, mu duka muka ce ya yi ƙiba. Ya ajiye ƙwayoyin asibiti a saman kabad. Suka ba shi sabuwar riga mai zane da kwali guda na maganin, suka tsayar da shi gaban fangalansa suka ɗauki hoto.

Daga ranar da aka ɗaga ƙyallen, mutumin da ya yi shekara sittin yana wucewa ba a ko ɗaga kai, shi ne masu babur ke yi wa oda. A masallaci aka fara matsa masa wuri a sahun gaba. Mu mata masu gyaran albasa in ya gifta rumfarmu sai mu ɗaga masa babban yatsa mu ce, "Ga na bakin gada!" Ni ce mai fara tsokanar. Ya sunkuyar da kai yana jin daɗi kamar sabon ango. Kwalaben Haji kuwa suka riƙa ƙarewa tun kafin sati ya zagayo, don kowa cewa yake in Wasjud ya faɗa, haka ne. Mijina Rasdi ma ya sayo biyu saboda bayansa.

Sai ɓawon dodon koɗi ya yanke shi a tafin ƙafa cikin lambatu. Bai ma ji ba, sai da Tarsinah ta ga jini a dandamali. Ya ɗaure da tsumma ya koma ruwa. Wannan wata biyu ke nan kafin ranar da na je shagon Haji.

Daga shagon gidansu na nufa. Tun daga baranda warin ya tare ni. Tarsinah ta kunna maganin sauro har biyu da rana tsaka, ta zuba garin kofi a faranti ƙarƙashin gado, amma warin ya fi ƙarfinsu. Yana kwance a gadon gora kusa da taga, ƙafar a kan matashi, an lulluɓe ta da tsohon zane. Kwalbar tana kan kujera da cokali a gefenta.

"Min," ya ce, don haka yake kirana, "an ce kin je kin tada wa Pak Haji hankali."

"Labari ya riga ni isowa ke nan. Kang, me ya sa ka hana a sauke?"

"In an sauke, me mutane za su ce?"

"Za su ce ba ka da lafiya. Kuma ba ka da ita."

Ya mayar da idonsa kan rufi. Tarsinah ta kawo mini shayi a ƙaramar butar ƙasa, ta zauna bakin ƙofa ta kama tsintar shinkafa. Ita ta gaji da roƙonsa.

"Jiya Bu Nuning ta zo," in ji shi. Ita ce nas ɗin ƙaramin asibitinmu. "Ta ce sai babban asibiti, wai yatsu biyu za a cire. Ta ce za ta turo motar gari ta ɗaukar marasa lafiya."

"To alhamdu lillahi. Yatsu biyu, saura takwas. Rawa za ka yi da su?"

"Motar nan jiniya gare ta, Min. Kuma ta bakin gada za ta bi. Ni a kwance a ciki, ni a sama ina cewa na warke." Ya juyo ya kalle ni. "Mutum nawa suka saya saboda bakina? Ko mijinki ya saya."

"Rasdi ko ruwan lambatu ka zuba a kwalba ka liƙa takarda sai ya saya. Bar batunsa."

"Ban yi ƙarya ba. Ranar da na faɗa, wallahi haka na ji a jikina."

"Ba wanda ya ce ka yi ƙarya."

"Za a ce. In na shiga motar nan, ni da kaina na ce." Ya miƙa hannu ya gyara zaman cokalin. "Mutumin kamfanin ya ce in ciwo zai fita, sai ya fara tsananta. Dafin ne ke fitowa ta ƙafar. Kwalba biyu suka rage."

Na ce masa magana zarar bunu ce, na sani, amma ba a taɓa binne mutum don ya zari bunu ba. Na ce masa abubuwa da yawa, wasu ba su da daɗi. Ya saurara har na gama, sannan ya ce albasarsa saura kwana tara ta isa cira, in an cire sai a ga abin da Allah zai yi. Na tashi ban sha shayin ba. Haushinsa nake ji, ina jin haushin kaina, don duk lokacin da na rufe ido sai in ga hannuna a sama ina ɗaga masa yatsa a rumfa.

Kwana taran nan sun yi tsawo. Bu Nuning tana zuwa da babur kowace safiya ta wanke ciwon, ta fito ta tsaya gindin mangwaro tana shaƙar iska kafin ta iya magana. Baƙin ya wuce yatsu, ya hau ƙafa. Mata suna zuwa dubiya da sukari da ganyen shayi a leda kamar yadda aka saba, su zauna a baranda, su ce, "Ai da sauƙi, Kang, fuskarka ma ta yi kyau." A hanyar komawa wasunsu su tsaya shagon Haji. Na daina yi wa kowa magana. Ina zuwa rumfa, in yanke ganye, in kakkaɓe ƙasa, in dawo, in leƙa shi, in kwanta.

Ranar cira Rasdi ya tara maza biyar suka shiga fangalan. Albasar ta yi kyau, ja jawur, irin wadda bai taɓa samu ba. Aka ɗauro ta dami-dami aka shimfiɗa a kan katakan shanya a ƙofar gidansa. Tarsinah ta ɗauko dami ɗaya ta kai masa gado. Zazzaɓi ya riga ya kama shi, leɓɓansa sun bushe. Ya juya albasar a hannu, ya danna da farce, ya sansana.

"Babu tsutsa?"

"Ko ɗaya," in ji Tarsinah.

Ya daɗe riƙe da ita. Sannan ya ce a kira masa Rasdi. Mijina ya shigo da laka har gwiwa, ya tsaya bakin ƙofa.

"Di, je ka wurin Pak Haji. Ka ce na ce a sauke. In mutane sun tambaya, ka ce musu ban warke ba." Ya numfasa. "Kai ma ka zubar da naka."

Rasdi ya hau tsani da kansa, Haji na riƙe masa ƙafar tsanin. Ya naɗe ƙyallen ya kawo, Tarsinah ta tura shi bayan buhunan shinkafa. Da la'asar motar gari ta zo. Na roƙi direban kada ya kunna jiniya, ya ce to. Ni da Tarsinah muka zauna a baya tare da shi. Da muka iso bakin gada ya ce in ɗaga masa kai. Ya kalli saman shagon, babu komai sai igiyoyi huɗu suna lilo. Ya ce, "To," ya mayar da kai.

A babban asibiti ba yatsu biyu suka cire ba, daga gwiwa suka yanke. Likitan, wata yarinya mai gilashi, ta tambayi abin da yake sha. Tarsinah ta ciro kwalbar daga jaka. Likitar ta karanta takardar, ta ajiye, ta ce, "Da ma tun wata guda da ya wuce kuka zo." Ba ta ɗaga murya ba, da alama ba mu ne na farko ba. Ya yi kwana uku. Ranar Laraba da hantsi, Tarsinah na ba shi ruwa da cokali, ya cika.

Aka sanar a lasifikar masallaci, aka kafa tuta ruwan ɗorawa, alamar rasuwa, a bakin lungu. Mata suka yi ta shigowa da shinkafa a kwano an rufe da ƙyalle. Haji Tohirin ya aiko da buhu guda da ƙwan agwagwa mai gishiri, ya zo da kansa ya ɗauki makara, ya yi kuka, kuma na yarda kukan gaske ne. Liman ya tambayi jama'a shaidar da za su yi wa mamacin, kowa ya amsa da ƙarfi, "Mutumin kirki ne!" Wani daga baya ya ƙara, "Bai taɓa ƙarya ba." Ni shekara arba'in ina gyaran albasa, idona ya daɗe da daina kawo ruwa, amma ranar sai da na shiga bayan gida na zauna.

Kafin addu'ar bakwai an ɗaga sabon ƙyalle a bakin gada, wata mata ce daga wani gari, ita ma da babban yatsa. Kwalaben suna nan a kantar sama, kusa da maganin feshi. Rasdi ya ce ya zubar da nasa. Ban bincika ba, ba ni da ƙarfin wani faɗan.

Washegarin bakwai da azahar hadari ya taso daga kudu ba zato. Albasar tana nan a kan katakai, saura kwana biyu ta bushe, kuma in ruwa ya taɓa ta shi ke nan, ruɓewa za ta yi. Ita ce kaɗai abin da ya bar wa Tarsinah. Muka fito da gudu, ni da ita, muka ja tamfol muka rufe layi biyu. Layi na uku ba abin rufewa, tamfol ɗinmu an ara wurin zaman makoki ba a dawo da shi ba. Yayyafi ya fara. Tarsinah ta tsaya tana waige-waige, sai ta shige ɗaki ta fito da naɗin nan daga bayan buhuna.

Muka warware shi. Na kama gefe zan kifa hoton ƙasa, ta ce, "A'a, Yu. Ta wajen hoton ne ruwa ba ya shiga."

Muka shimfiɗa shi fuska sama. Ya rufe layin daidai, daga farko har ƙarshe. Na ɗebo bulo ina dannewa, ta zo ta ɗauke wanda na ɗora kusa da kunnensa ta mayar can gefe, kan jan rubutun. Ruwan ya sauko sosai. Muka koma baranda muka zauna a bakin gadon goran da aka fitar, muna kallon ruwa yana taruwa a kumatunsa yana gangarewa ƙasa.