Rigunan da na farke wa autana

Autana tela ne. Tun da shagonsa ya ƙone ya shige ɗaki, wata huɗu ba fita, magana sai da ƙyar. Keken ɗinkin da aka ceto daga wutar na lulluɓe shi da zane, kada ya gani ransa ya ɓaci. Ni da labarin kowa a layinmu yake bakina, nawa na danne. Duk wanda ya tambaya sai in ce ciwon baya ne.

Yayarsa ce ta ja mu asibiti. Na zaci allura za a danna masa. Likita ya ba da 'yan ƙwayoyi, ya tura mu wurin wata mai tabarau, wai aikinta hira da marasa lafiya. Na ce a raina, ashe sana'a ce, ni shekara hamsin ina yi ko tabarau ba a ba ni ba.

Ta yi ta tambaya: wa ke zama da shi, wa ke masa wanki, wa ke amsa sallamar baƙinsa. Na ce ni, ni, ni, ina jiran yabo.

"Inna, kin iya jinya, har kin wuce gona da iri," in ji ta. "Ki bar masa abin yi, ko kaɗan ne. Mutane ma ki bari su shigo."

Na yaye zanen keken. Sati guda ko kallonsa bai yi ba. Rannan na sa almakashi na tsarge hammatar rigata, na kai masa ina salati, na ce ƙusa ce. Ya jujjuya ta, ya ɗinke da allurar hannu. Bayan kwana biyu ƙusar ta kama rigar yayarsa.

Da rigunan gida suka ƙare, dole na shiga wurin maƙwabciyarmu matar direba, wadda na daɗe ina yi da ita. Bakina ya yi nauyi, amma na faɗa mata ainihin ciwon. Ba ta yi dariya ba. Ashe ƙaninta ya taɓa yin irinsa, duk bin diddigina ban sani ba. Ta ɗauko wandon mijinta mai kauri muka yanka tare, ta kai masa da kanta, ta zauna bakin ƙofa tana ba shi labarin layi.

Yadin ya ƙi allurar hannu. Ya daɗe riƙe da wandon, ni ina tsaye kamar an dasa ni. Can ya tambayi inda na ajiye man keke.

"Inna," ya ce yana zura zare, "ki gaya wa ƙusar nan taku ta riƙa bin ɗinki. Tana ɓata wa mutane yadi."

Na ce zan isar da saƙo. Ya jawo kujera ya taka keken, ya ce wa matar direba ta matso ta riƙe masa ƙafar wandon.