Tandun Hajiya Daso

Kwana tara ke nan Malika tana kwance a asibiti. 'Yar wata goma sha ɗaya, ta daina cin abinci, ta daina ma rarrafen da ta fara. Likita ya ce gubar dalma ce a jininta, kuma muddin ba a gano inda take samunta ba, ba za a mayar da ita gida ba.

Kakarta Hajiya Daso, wadda ta taso tun daga Maraɗi don renon jika, duk ta zabge. Ma'aikatan lafiya sun zo gidan nasu na Pleasant Garden, can ƙasar waje, sun kankare fenti, sun ɗebi ruwan famfo, har tukwanen miya ba su ƙyale ba. Ba a ga komai ba. Tassiou, ɗan Hajiya kuma uban Malika, ya bar zuwa aiki, sai zagaye gida yake yi kamar wanda ya yar da makulli.

Ran Talata wata ma'aikaciya ta tsaya bakin rafin da ke ƙarshen filinsu tana nuna wani tudu, Tassiou yana fassara wa uwarsa. Wai tun zamanin kakannin kakanni wasu 'yan Ingila suka haƙi ma'adini a nan, yadda suka saba a garinsu: a farfasa dutse da guduma, a tare rafi a sakar masa ruwa, mai nauyi ya kwanta a kwashe, saura a zubar. Tudun nan ragowarsu ne, akwai dalma a cikinsa. Amma ai jaririya ba ta zuwa nan, in ji matar, ta rufe littafinta.

Hajiya ta dubi tudun. Ita ce ke zuwa nan. Da kwallinta ya ƙare cikin azumi ta ga duwatsun suna walƙiya, sak duwatsun kwalli na kasuwar Maraɗi, ta yi ta murna wai Allah ya kawo mata har gida. Ta niƙa, ta tankaɗe da ɗankwali. Kullum bayan wanka sai ta rangaɗa wa Malika don ido ya yi kyau, yarinyar kuma ta murtsuke ta tura hannu a baki.

Ta so ta yi shiru, wallahi ta so. Da wane ido za ta kalli surukarta? Ma'aikaciyar har ta buɗe mota.

Hajiya ta ruga ba takalmi, ta kwance haɓar zane ta ciro tandun kwallin.

"Tassiou, ce mata ta gwada wannan. Ko jiya da na je asibiti sai da na sa mata."