Wayar da Ta Kusa Tsinkewa a Babur ɗin Hambali

Bayan sallar azahar barci ya kwashe Tasi'u bakanike a garejinsa, zuciyarsa ba daɗi. Da safe Hambali, mai kai jini daga babban asibiti zuwa asibitocin ƙauye, ya turo masa ƙaton babur ɗinsa irin na tsere. In an murɗa totur sai ya shaƙe, in an saki ya yi ta gurnani shi kaɗai, can ya mutu. Tasi'u ya sa mita ya gwada sansa, ƙaramar na'urar da ke sanar da inji yadda aka murɗa totur. Lafiyarta ƙalau. Soket ɗinta ne ya yi tsatsa, waya ɗaya kuma ta kusa tsinkewa. Amma kwaɗayi ya sa ya ce sai an yi odar sabuwa daga Legas, mako biyu.

Cikin barcin ya ga kansa a ƙofar wani gari mai doguwar ganuwa. Wani tsoho na tsaye da shuɗiyar riga duk baƙin mai. Marigayi Baba Sallau ne, wanda ya koya masa aiki a gindin tsamiyar tsohuwar tasha. Har ƙamshin goro da kananzir ɗin nan nasa bai canja ba.

"Baba, kai ne?"

"Ni ne. Biyo ni. Ka daɗe ba ka bi bayana ba."

Suka shiga wani fili inda aka ɗaure mutane a kan babura, totur ya maƙale, ba birki, suna ta zagaye suna kururuwa.

"Su wane ne waɗannan, Baba?"

"Waɗanda suka naɗe waya da leda suka ce sun gyara. Yadda suka tura bayin Allah kan titi, haka aka ɗora su."

Gaba kaɗan ga wasu, ƙishirwa ta busar musu da leɓe. Ana miƙa musu gwangwanaye masu sheƙi a rufe, da sun fasa sai garin tsatsa ya zubo. Baba ya ce masu wanke tsohon kaya ne su sa a sabon kwali. Kusa da su shugabannin ƙungiyar kanikawa na zaune da manyan riguna, an kafa wa kowanne bakin salansa a kunne tana ruri, domin an sha kawo musu kuka suka toshe kunnuwansu.

Wuri na ƙarshe shiru ne, shi ya fi ba Tasi'u tsoro. Mutane ne jere a bakin wata rufaffiyar ƙofa, ana jin sanyin inuwa daga cikinta. Duk wanda ya tambayi yaushe za a buɗe, sai a ce masa, "Mako biyu." Wasu gemunsu har ya taɓa ƙasa.

"Me suka yi, Baba?"

"Biyan buƙatar mutum tana hannunsu, suka sa shi jira. Ba su tambayi wanda ke jiran shi ba." Tsohon ya dube shi. "Ka san mata nawa za su haihu a ƙauyukan nan cikin mako biyu? Ka san nawa jini zai ƙare musu?"



Baba ya sassauta murya. "Ka tuna mai madarar nan da ya turo Basfa tun daga rugarsu, yana shirin sayar da maraƙi don ya sake inji? Kai ka kwance kafireta, ka hura, datti ya fita. Ka yi ta tsalle kamar an ba ka sarauta. A ƙwarya ɗaya muka sha nonon da ya ba mu. Lokacin ba mu da mita, kunne ne da tsoron Allah. Ina wancan Tasi'un?"

Kuka ya ci ƙarfin Tasi'u. Ya kai hannu zai riƙe rigar Baba, sai ya farka, ladan na kiran la'asar, jikinsa sharkaf da gumi.

Ya daɗe zaune yana istigfari. Da ya idar da salla ya zare soket ɗin, ya kankare tsatsar, ya fesa masa mai, ya yanke ruɓaɓɓen wurin wayar ya liƙe da dalma. Ya murɗa totur a hankali, lambar mita ta riƙa hawa sumul ba tsalle. Ya tayar da inji, muryarsa ta zauna daram.

Ya kira Hambali a waya. "Malam Hambali, ƙarya na yi maka da safe. Sansarka ba abin da ya same ta, waya ce, na gyara. Ka yafe mini. In Allah Ya yarda ba zan ƙara yi wa kowa haka ba."

Hambali ya ce, "Oga Tasi'u, yanzun nan aka bugo daga wani ƙauye, ina tsaye ina neman motar haya. Zai kai ni?"

"Zai kai ka. Kada ka motsa, ga ni nan kawo maka shi."