Mangwaron Gidan Direba

"Ba wannan ba, Ustad! Na gefen hagunka, jan nan da bai gama buɗewa ba."

Khuda Bakhsh, tsohon direban da ake wa laƙabi da Ustad, ya ƙanƙame tsani da hannu ɗaya, ya leƙo ƙasa ta tsakanin rassan mangwaro. Maƙwabcinsa Dakta Manzur yana kwance a gadon igiya a tsakar gida, an tallafe shi da matasai, ya rame har agogonsa na yawo a tsintsiyar hannu, amma bakin yana nan daram.

"Dakta Sahib, ganye ai ganye ne. So kake in faɗo a haɗa mu gado ɗaya?"

"Mutumin da ya tsufa yana jan jirgin ƙasa daga Multan zuwa Karachi, shi ne tsani ke kaɗa wa gwiwa? Tsinko, ka miƙa wa Rubab da sauri, kada ya sha iska."

Rubab, ɗalibar Dakta ta da wadda yanzu ta gaji kujerarsa a cibiyar binciken itatuwa, tana tsaye a gindin tsanin da wata gora ta ƙarfe mai fitar da farin tururi. Ruwan cikin ba zafi ne da shi ba, sanyi ne da zai iya cire wa mutum yatsa. Ta karɓi ganyen da hantsaki ta jefa, ya yi ƙara kamar an tsoma ƙosai a mai.

"Chacha, saura na can sama," in ji ta, tana danne dariya. Haka take kiran Khuda Bakhsh, wato baffa.

"Ke ma kin koyi halinsa."

Tun suna da baƙin gemu katanga ɗaya ta raba gidajen dattawan biyu. A gidan Dakta akwai bishiyar caunsa, mangwaron da ƙamshinsa kaɗai ke tara yaran layi. A gidan Khuda Bakhsh kuwa wannan ce, wadda ta fito da kanta daga ƙwallon da wani ya yar, 'ya'yanta ƙanana, ga tsami ga zare. Matarsa Sughra ce kawai ke da amfani da su, tana yankawa ɗanye ta jiƙa a mai da barkono. Sai wata cuta ta shigo lambunan garin. Bishiya lafiya lau, sai a ga baƙin ƙaro yana tsiyaya daga jikinta, kafin a ankara ganyen ya bushe a kanta yana tsaye. Manoma suka yi asarar itatuwan da kakanninsu suka dasa. Caunsar Dakta ta bi sahu. Ta gidan direba ma ƙaron ya tsatso mata, ta yi yaushi kamar za ta tafi, sai kuma ta warke ta ci gaba da zuba 'ya'yanta masu kashe haƙori.

Daga ranar Dakta ya mayar da gidan maƙwabcinsa wurin aiki. Ya yanki rassa ya kai cibiya, ya kankari ɓawo, ya ɗebi ƙasa. Da yamma su zauna a ɗakin baƙin Khuda Bakhsh da ke bakin ƙofa, su sha shayi mai madara suna musu a kan siyasa da wasan kurket. A nan ne wata rana Dakta ya yi masa bayanin abin da yake nema.

"Kowace bishiya tana ɗauke da umarnin da ta gada a cikin ƙwayoyin halittarta. Kusan iri ɗaya ne a tawa da taka. Bambancin shi ne wanne ta tayar, kuma yaushe. Ɗauka dukansu suna da birki. Tawa ba ta taka ba sai da ta shige rami. Taka tun daga nesa ta taka. Birkin nake so in gano."

"To ai da ka tambaye ni," in ji Khuda Bakhsh. "Bishiyar direba ce."

Abin da bai faɗa ba ranar da yake kan tsani shi ne, ya riga ya yi magana da magini. An sa bikin ɗansa Tanwir da shigowar sanyi, gidan kuma ba shi da ɗakin amarya. Fili ɗaya ya rage, inda bishiyar take.

Da Rubab ta fita da gorarta, aka bar su biyu suna jiran samarin da za su mayar da gadon gidan Dakta. Dakta ya daɗe yana kallon sama.

"Yaushe mai gatarin zai zo?"

Khuda Bakhsh ya ji kamar an watsa masa ruwan gorar nan. "Wa ya gaya maka?"

"Katangarmu ba ta da kauri, muryar Sughra kuma ba ta da siriri." Ya yi tari, ya huta. "Gidanka ne, ɗanka ne. Ba zan ce ka hana yaro ɗaki saboda itace ba. Ka dai bar ta ta yi 'ya'yan bana. Rassan da muka dasa a cibiya ƙanana ne, ba su fara haihuwa ba, yarinyar nan kuma tana buƙatar ƙwallaye masu yawa."

"Na bar ta zuwa damina."

"Ko ba na nan?"

"Ina za ka? Ka ci ni wasan dara, ban rama ba."

Tanwir bai ji daɗin maganar ba. Yana cin gurasa da wake a tsaye, ya ce, "Abba, in aka jira damina, yaushe za a yi gini ya bushe? Me zan ce wa iyayenta? In ce muna jiran mangwaron da ko akuya ba ta ci?"

"Ka ce musu ubanka ya yi alkawari."

"Mutumin da ko watan gobe ba lallai ya gani ba..."

Sughra ta ɗaga ludayi. "Rufe min baki! Wa ya kai ka asibiti a motarsa ranar da ka karye a hannu?"

Tanwir ya ajiye kwano ya fita. Ya yi kwanaki gaisuwa kaɗai ke haɗa shi da uban.

Zafi ya sauko, irin na Multan da ke narkar da kwalta. Ciwon hantar Dakta ya ci gaba da cinsa. 'Yarsa ta zo daga Karachi ta tare a gidan. An daina fito da shi tsakar gida. Khuda Bakhsh kan shiga bayan la'asar ya zauna a bakin gado, in an ɗauke wuta ya yi masa fifita da jarida. Kullum tambayar ɗaya ce.

"Rubab ta kira?"

"Ta ce na'ura tana kan karanta ganyen."

"Na'urar nan ta fi jirginka jinkiri."

Wata safiya sai ga Rubab ta faɗo gidan ko sallama ba ta ƙarasa ba, mayafinta na jan ƙasa, waya a hannu. Ta durƙusa a gaban gadon.

"Malam, ya fito. Duba."

Dakta ya karɓi wayar, ya kai ta kusa, ya kai ta nesa. Idanun sun yi rawaya, sun daina yi masa aiki. Ya miƙa wa maƙwabcinsa.

"Ustad, kai ka saba karanta fitilun hanya. Me ka gani?"

Khuda Bakhsh ya sa tabarau. Wasu ƙananan gidaje ne a jere kamar zanen tabarma, layi a kan layi.

"Ɓangaren hagu caunsa ce bayan mun sa mata cutar," in ji Rubab. "Na dama taka ce, Chacha."

"Na hagu duk kore ne, shuɗi-shuɗi. Na dama kuwa..." Ya matso da fuska. "Akwai wani gungu a sama, ja ne. Ja wur. Tun daga layin farko."

"Tun daga na farko?" Dakta ya yunƙura zai tashi.

"Tun ranar farko, Malam," in ji Rubab. "Gungun umarnin da ka yi zargi ne. Caunsa ba ta tayar da su ba sai da aiki ya riga ya ɓaci."

"A aikinmu dai ja tsayawa ne," in ji Khuda Bakhsh.

"A namu farkawa ne." Dakta ya koma kan matashi, yana dariyar da ba ta da sauti. Da ya samu numfashi ya kamo hannun Rubab. "Kada ki yi saurin shela, 'yata. Ki maimaita. Ki sake maimaitawa. Ba duk 'ya'yanta za su gaji uwar ba, amma yanzu kin san abin da za ki duba tun suna da ganye biyu. Waɗanda suka gada, ki ɗaura musu caunsa a kai. Gindi na direba, kai na masu kuɗi."

Ranar har ya nemi a dama masa kindirmo da gishiri, ya sha rabin kofi.

Bai kai ga nunar mangwaron ba. Wata Alhamis da hantsi Khuda Bakhsh yana gyaran famfo ya ji kukan 'yar Dakta ta bayan katanga. Ya ajiye sifana a hankali, ya wanke hannu, ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Shi ya zuba ruwa a wurin wankan gawa. A hanyar maƙabarta ya ga Tanwir ya kutsa ya sa kafaɗa a ƙarƙashin makara, bai kuma yarda an karɓe shi ba har bakin kabari. Mutanen da Khuda Bakhsh bai taɓa gani ba suka cika layin, masu lambu daga ƙauyuka, da rawunansu da ƙafafunsu masu kaushi, kowa da labarin ranar da Dakta ya zo gonarsa.

Da aka share makoki ya buɗe ɗakin baƙi don ya sha iska. Ya tsaya a bakin ƙofa yana kallon kujeru biyun da teburin shayi. Sannan ya ƙwala wa ɗansa kira.

"Kira maginin nan. A toshe ƙofar waje, a buɗe wata ta cikin gida, a fasa taga babba. A yi masa fenti."

"Ɗakinka, Abba? Ina za ka riƙa zama da baƙi?"

"Baƙon nawa ɗaya ne."

Tanwir ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Ai ya fi wanda za mu gina girma."

"To ka daina ɗaure min fuska kamar mai karɓar tikiti."

Da ruwan farko ya sauka, bishiyar ta zuba 'ya'ya kamar ta san ana jira. Rubab ta ce ƙwallo take so, wankakke, kada a bar shi ya bushe. Sughra ta bi gida-gida ta tara matan layi da 'ya'yansu, aka zube mangwaro a manyan kwanoni cikin ruwa, aka ce kowa ya sha. Tsakar gidan ta cika da yamutsattsun fuskoki.

"Khala Sughra, wannan ai horo ne!" in ji wata maƙwabciya mai kiranta Khala, wato inna, ido ɗaya a rufe.

"Sha ki ba da ƙwallo. Ilimi ake yi."

Maginin ma da ya fito shan ruwa sai da aka danƙa masa guda uku. Rubab ta tafi da buhuna a jiƙe a bayan motar cibiya, ta ce shekaru za a yi kafin a san ko za a kai wa manoma, kuma za ta riƙa dawowa kowace damina.

"Ki zo," in ji Khuda Bakhsh. "Tana nan."

An yi biki da shigowar sanyi. Washegarin kawo amarya ya dawo daga masallaci da sassafe, ya zauna a bakin baranda da bargo a kafaɗa yana jiran shayi. Sabuwar ƙofar ta buɗe. Yarinyar ta fito a hankali, lalle har gwiwar hannu, ɗauke da kwanon ruwan da ta wanke shinkafa. Ta duba hagu, ta duba dama, tana neman inda ake zubarwa a gidan da ba ta sani ba tukuna. Sai ta taka zuwa gindin bishiyar, ta tattare bakin mayafinta, ta tsiyaye ruwan a kan saiwoyin.