Tabo a Tsakiyar Allo

"Wannan ma da tabo," in ji Usta Ergash, ya ja da baya daga gaban teburin.

Ainura mai shagon ta dube shi, ta dubi allon. Na uku ke nan da ta ciro daga kwali tun hantsi. Kowanne sai ta farke leda, ta jona waya, ta mayar da fuskarsa fari fat, domin a kan fari ne masu saye suke neman ɗigon da ya mutu. Haka ake cinikin siraran allunan kwamfuta a kasuwar Kara-Suu tun da suka fara shigowa daga Sin, kuma ba ta taɓa ƙosawa da mai dubawa ba. Amma wannan dattijon ba ɗigo yake gani ba. Cewa yake akwai wani dusu-dusu a tsakiya, kamar an dangwala yatsa mai maiƙo, alhali ita ko ƙura ba ta gani.

Ta ɗauko tsumma ta goge, don dai a zauna lafiya. Ya matso, ya karkatar da kai, ya ce yana nan. Ya ƙara da cewa shi ba yaro ba ne, shekara talatin da huɗu yana cin abinci da idonsa, ya san kayan da kamfani ya ƙi ake lodo wa talakawa. Wannan magana ta yi mata ciwo, amma ta haɗiye, ta ce zai iya zagayawa, kwantenonin kasuwa ba su ƙare a nata ba. Ya ce ai daga zagayen yake, shago biyar ya shiga kafin nata, duk kayansu iri ɗaya ne.

Duk wanda ya binne nasa a birnin Osh ya san Usta Ergash, usta kuwa laƙabin gwanin sana'a ne. Idan shekara ta kusa zagayowa da rasuwar mutum, iyalinsa sukan kawo ɗan hoton da ya rage, wani na fasfo, wani an yanko shi daga hoton biki, wani ruwa ya taɓa. Shi ne zai shigar da shi kwamfuta, ya share zane da tsatsa, ya fito da ido da gira, ya miƙa wa Botir masassaƙi ya zana a baƙin dutsen kabari. Da can da alƙalami da tawada yake yi. Da kwamfuta ta zo sa'o'insa suka ajiye aiki, shi kuwa ya koya yana da shekara hamsin, da allonsa mai doro wanda ya cinye rabin tebur, lokacin sanyi har kyanwa ke kwana a kansa. Mutum ne mai taurin kai da son a yaba masa, amma hannunsa kam babu na biyunsa, wannan ko maƙiyinsa ya sani.

Tun farkon bazara tabon ya bayyana a tsohon allon. Duk fuskar da ya buɗe sai ya ga duhu ya zauna mata tsakanin ido da hanci. Ya goge gilashi, bai fita ba. Sai ya riƙa haskaka wurin da linzamin kwamfuta, a hankali, har ya ga ya yi masa daidai. Hotuna biyu aka dawo da su bai damu ba, masu makoki dama ba a iya musu. Na uku shi ne na wani malamin lissafi da ya koyar da rabin unguwa. Ranar Talata matarsa ta zo da kanta, ta ajiye takardar da aka buga a kan tebur, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce shekara arba'in tana kallon fuskar nan, wannan ba mijinta ba ne, an wanke masa tsakiyar fuska har babu kowa a ciki. Botir ya ja shi gefe, yana sosa ƙeya don kunya, ya ce saura kwana tara a kafa dutsen. In hoton bai gyaru ba zuwa Juma'a, dole ya kai aikin, da duk na gaba, wurin masu sabon shagon hoto na bakin gada.

Ergash ya ɗora laifin duka a kan mai doro. Ya buga wa ɗansa da ke aikin gini a Rasha waya, aka turo kuɗi, shi ne yau ya yi sammako ya hau ƙaramar bas zuwa kasuwa.

Ainura ta zuba masa shayi, ta ce ya zauna zafi ya sake shi. Cikin kwantenar kamar tanda, fanka sai juya iska mai zafi take. Don ta sauya magana ta shiga yi masa bayanin kaya. Mai inci goma sha biyar dala ɗari biyu da ashirin, mai inci goma sha bakwai ɗari uku, bara war haka kuwa ko a ɗari huɗu ba za ta sallama ba. Ba sa ɗumi, ba sa rawa a ido, wutar da suke ci ba ta kai rabin ta mai doro ba. Injin kwamfutar ma akwai sabo, hoton da nasa ke nishi kafin ya buɗe, wannan kafin ka ajiye kofi ya buɗe goma. Ta nuna masa takardar farashin da ta manna a jikin ƙofa.

Ya juya ya dubi takardar. A nan ne ta lura. Bai kalle ta kai tsaye ba, sai da ya kawar da fuska gefe kamar kaza na kallon tsaba, sannan leɓɓansa suka fara motsi.

"Aka," ta ce, da girmamawar da ake yi wa babban wa, "tabon nan, in ka kalli kusurwar allon, yana tsayawa a tsakiya ko yana bin ka?"

Ya ce wace irin tambaya ce wannan. Ta ce ya dai gwada. Ya kalli kusurwar sama ta dama. Ya kalli ta ƙasa. Ya sake kallon ta sama.

"Rufe idon hagu da hannunka, ka kalle ni."

"Ke likita ce ko mai sayar da kaya?"

"Mai sayar da kaya ce. Rufe."

Ya rufe. Ga ɗankwalinta mai furanni, ga 'yan kunnenta, ga kwalaye a bayanta har rufi. Fuska ce babu. Wani toka-toka ne a wurin, gefensa yana ɗan motsi. Ya sauya hannu da sauri ya rufe na dama. Fuskar ta dawo, amma da ɗan ƙaramin tabon a kan hancinta, shi ɗin dai da ya yi wata biyar yana gogewa daga fuskokin matattun mutane.

Ya sauke hannun a hankali ya ɗora a gwiwa. Abin da ya fara zuwa masa ba tsoro ba ne, kunya ce. Ya tuna malamin lissafi, da sauran biyun, da wasu shida ko bakwai da iyalansu suka karɓa ba su ce uffan ba, suna can yanzu a maƙabarta an sassaƙa su a dutse da fuskar da ya wanke. Daga baya tsoron ya iso, tare da mahaifinsa. Tsohon haka ya ƙare, yana zaune a ƙofar gida yana gane mutane da takunsu, yana kallon jikokinsa ta wutsiyar ido. An kai shi har babban birni, likitoci suka ce wannan ba yana ba ce da ake cirewa, abin a can ciki yake, kuma gaba yake yi.

Ainura ta ce wataƙila tabarau ne kawai, yanzu magani ya ci gaba, ƙanin mijinta ma an yi masa aiki yana tuƙi. Ya gyaɗa kai don ya san alheri take nufi. Ta fara mayar da allon cikin kwali, ta ce ya riƙe kuɗinsa ya kai asibiti, ba ta ji haushin buɗe kwalaye uku ba.

"Ƙanwata, na zage ki a kan kayanki," ya ce. "Kayanki lafiyarsu ƙalau."

Ta ce ba komai, ta ji wanda ya fi haka daga masu ido biyu. Ya yi 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ya ajiye kofin shayin da ya huce. Can ya tambaye ta ko a babban allon ana iya ƙara girman hoto har fuska ɗaya ta cika shi baki da baki, ba tare da ta farfashe ba. Ta ce in hoton mai kyau ne, ƙwarai. Ya ce to ta ɗaure masa mai inci goma sha bakwai, injin kuma a bar shi, tsohon zai kai shi inda za shi. Bai nemi ragi ba. Ita ce da kanta ta rage masa, abin da maƙwabtanta suka ce ba su taɓa gani ba.

A bas ya rungume kwalin a cinya. Gonakin auduga suna wucewa, yana ganinsu sarai ta gefe, kore shar. Duk abin da ya tsayar da ido a kai ne ke dushewa. Wani fasinja ya tambaye shi nawa ya saya, ya faɗa, mutumin ya ce an yi masa sauƙi, lallai yau ya fito da sa'a.

Bai wuce gida kai tsaye ba. Ya sauka a wurin Botir, ya same shi fari fat da ƙurar dutse. Ya ciro ainihin hoton malamin daga aljihun ƙirji, wanda ya yi niyyar gwadawa a kasuwa, ya miƙa masa. Ya ce a kai wa na bakin gada, a gaya musu kada su taɓa ɗan karkacewar girar hagu, haka mutumin yake tun yana saurayi. Botir ya dubi kwalin, ya dubi hoton, ya buɗe baki. Ergash ya ce kada ya tambaye shi yau.

La'asar ta yi sanyi lokacin da ya tura ƙofar gida. Mavluda, matarsa, tana ƙarƙashin rumfar inabi tana yanka karas na shinkafar dare. Shekara talatin da takwas suna tare, kuma a duk shekarun kwamfutar nan ba ta yarda hotonta ya shiga ciki ba. Akwatin matattu take kiranta. Ko na fasfo ta tashi yi, gari take shiga ta biya wani, tana cewa ita da sauranta.

Ya ajiye kwalin a ɗakin aiki, ya sauke mai doro ƙasa da ƙyar, ya jona sabon. Tebur ya zama fili, har ya rasa inda zai sa hannunsa. Ta shigo tana goge hannu a gefen riga, ta ce oh, abin kamar tire, to tabon ya tafi?

"Yana nan," ya ce.

Ba ta tambayi yadda aka yi sabon kaya ya zo da tabo ba. Ta tsaya a bayansa. Sai a lokacin ya tuna cewa tun bazara ba ta ƙara ajiye masa kofi a tebur ba, a hannu take sa masa. Ita ke karanta masa takardar wuta, wai tana son ta koyi lissafin. Zaren carbinsa da ya tsinke, ita ta zura.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da ka gai da ni a bakin titi ka ce sannu baiwar Allah." Ta dafa kafaɗarsa. "Na ce in na faɗa za ka yi faɗa, dadasi. Gara ka ji daga bakin allo."

Dadasi, baban yara, haka take kiransa tun haihuwar fari. Ya so ya yi faɗan, ya nema ya rasa.

Ta fita. Ya ji ta buɗe akwatin kayanta, ya ji ƙarar murfin. Ta dawo da hoto a naɗe cikin farin ƙyalle, wanda shi da kansa ya ɗauke ta a shekarar aurensu, tana tsaye a gindin bishiyar tuffa da kitso biyu har ƙugu. Ta ajiye a kan gilashin na'urar da yake ɗora hotunan mamata.

"Sa shi," ta ce. "Amma ka sani da raina."

Tsohon injin ya yi ta nishinsa. Hoton ya fito kaɗan-kaɗan daga sama. Ergash ya rufe idon dama da tafin hannu, ya riƙa ƙara girman fuskar, yana ƙarawa, har bishiyar ta fita, kitson ya fita, ya rage ita kaɗai daga wannan baki zuwa wancan. Ga idanun nan biyu, ga ɗan tabon haihuwa a ƙasan leɓe. Duhun ya zauna a kan hanci kawai. Ya gaya mata haka.

"Hancin dama ba abin kallo ba ne," in ji ta. "Uwarka ma ta faɗa."

Hannunsa ya kai kan linzami don sabo, zai haskaka wurin. Ya tsaya, ya janye shi, ya ɗora a cinya. Daga tsakar gida ƙaurin albasa ya fara shigowa, ba wanda ya motsa. Ta jawo kujera ta zauna a gefensa na hagu, inda yake iya ganinta, shi kuma ya ci gaba da kallon allon, yana bin fuskar daga ido zuwa ido, daga goshi zuwa haɓa, a hankali, kamar mai haddar karatu.