Makarar da Arzika Ya Ƙera

"Ita takardar taka ta malanta, ina take?" in ji Alhaji Ummaru.

"Gara ta cinye ta can Kumasi, Yaya," Arzika ya amsa daga kan tabarma. "Ta ce ma ba daɗi."

Hodi, maƙwabcinsa, akawu a ofishin gona na Birnin Kebbi, ya sunkuyar da kai don kada dariya ta kuɓuce masa. Alhaji Ummaru kuwa ko murmushi. Tun da safe ya taso daga Argungu ya duba ƙanensa, ya same shi kwance a zaure, ƙirji na ƙugi, kewaye da guntayen ƙarafa.

"Gidanmu gidan alƙalai na," in ji Alhaji. "Kai kaɗai munka kai makarantar horon malamai. Ka tahi Gana koyarwa, ka komo muna da baƙin hannu kamar ɗan maƙera."

"Da yunwa ta kama ni can, ba wanda yat tambayi takarda. Wani tsoho ya miƙo min ƙarfe, ya ce in liƙa ya gani. Shekara goma sha wani abu ina liƙi. Injin ban-ruwa nawa na tayar tsakanin nan da Augie? Tambayi masu albasa."

"In ta Allah ta kasance, Argungu za mu kai ka cikin mota, a ce hedimasta ya rasu."

Arzika ya ɗaga hannu da ƙyar, ya nuna bayan ƙofa. Makara ce a jingine, ta ƙarfe, sabuwa fil. Ta unguwa ta itace ta karye tun da damina, shi ne ya ɗauki alkawarin yin wadda ba za ta sake karyewa ba. Mariƙai uku sun zauna daram. Na huɗu yana ƙasa, ciwo ya riga shi.

"Bisa wagga za ni," ya ce. "Kuma nan unguwa. Akawu, kai ne shaida."

Hodi ya gyaɗa kai. Shekara da shekaru in ya taso ofis nan yake yada zango, yana kallon tartsatsin wuta na zuba kamar taurari sun sauko ƙasa. Sau da yawa Arzika kan miƙa masa baƙin gilashin walda ya ce, "Taɓa mana, ba ta cizo." Shi kuwa sai ya dubi farar rigarsa ya ce sai wani jiƙon.

Washegari da hantsi kuka ya tashi a cikin gida. Kafin Hodi ya gama salati, Alhaji ya fita neman mota, ya bar sallahu a yi wanka a shirya, da azahar za su kama hanya.

Daga bayan labule Riskuwa, matar mamacin, ta kira shi, murya a dishe.

"Malam Hodi, ka ji abin da ya ce jiya?"

"Na ji, Inna."

"To, ni mace ce, ba ni zuwa kushewa. Kai ka sani."

Hodi ya tsaya yana duban makarar. Bai taɓa liƙa ko cokali ba. Ya tuɓe farar rigar, ya rataye a ƙusar da Arzika ke rataye tasa, ya ja igiyar injin walda. Sai a ja na uku ya tashi. Maƙwabta da ke zaune a ƙofar gida suka zabura.

"Subhanallahi! Hodi, gawa na ciki kana tada inji?"

"Aikin mai gawar na," ya ce, bai ko waiwaya ba.

Ya sa baƙin gilashin a ido. Sandar waldar ta manne, ya fizge, ta sake mannewa. Tartsatsi ya faɗa masa a dantse, ya ji ƙaurin fatarsa, bai saki ba. Hawaye suka taru cikin gilashin har ya daina gani sosai, sai muryar Arzika da yake ji a kunne: kar ka yi gaggawa, Akawu, bari ƙarfe ya narke da kansa. Da ya gama, liƙin ya fito kumbure, mummuna, ko kusa bai kama ƙafar sauran ukun ba. Ya taka makarar, ya ja mariƙin da dukkan ƙarfinsa. Bai motsa ba.

Ana idar da sallar gawa motar ta tsaya. Alhaji Ummaru ya sauko, ya ga ƙanensa cikin likkafani a kan ƙarfe.

"Wane na yas sa a yi haka?"

"Shi," in ji Hodi.

"Kai da iliminka, ɗan boko guda, ka biye ma wannan shirme? Dubi hannunka!"

Hodi ya duba. Baƙi ƙirin, ga ƙuna ta tashi. Mutum uku sun riga sun kama mariƙansu, dukansu manoman fadama. Alhaji ya matso, ya ɗora yatsa a kan mummunan liƙin kamar mai neman aibu. Da sauran ɗuminsa. Ya daɗe bai ɗauke yatsan ba.

Hodi ya durƙusa, ya sa kafaɗa ƙarƙashin mariƙi na huɗu.

"Motar ta biyo mu baya in tana so, Alhaji," ya ce da ƙarfi, yadda har na bayan labule za ta ji. "Bisa aikin hannunsa za shi tahi."